Mun Yi Zaman Makokin Ɗanmu Yana Raye

Yaya Margalit,

Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo. Ba ni da wanda zan faɗa wa. A ƙauyenmu idan mutum ya yi tari a ɗaki, kafin ya fito tsakar gida maƙwabta sun gama yanke irin ciwon da zai kashe shi. Na canza sunayenmu, ko da yake duk wanda ya fito daga wajenmu zai gane mu tun a layi na uku.

Na haura sittin. Iyayenmu daga Yaman suka zo, suka kafa ƙauyen nan na masu kiwon kaji da noman inabi, inda har yau ake rufe wa motoci ƙofar gari daga yammacin Juma'a sai Asabar ta fita. Mijina Obadiya shi ne mai karanta Attaura a majami'armu tun yana saurayi, kuma rabin mazan garin a gabansa suka koyi karatu. Mutum ne mai sanyi, ko kaza za a yanka sai ya fita daga gidan. Muna da 'ya'ya mata biyu da suka yi aure, sai autanmu Itamar, shi kaɗai ne namiji.

Itamar tun da ya dawo daga aikin soja ya cire hula, ya aske tukkayen gefen kunnensa, ya tafi Yafa ya buɗe gidan abinci a bakin teku. Yana buɗewa ranar Asabar. Yana dafa jatan lande, wanda addininmu ya haramta, da wasu abubuwan da bakina ba zai iya faɗa ba. Na yi kuka, babansa ya yi, muka share hawaye muka ci gaba da zama. Asabar ɗaya a wata yakan zo. Sai ya ajiye motarsa a wajen gari bayan ɗakunan kaji, ya zaro hula daga aljihu ya ɗora, ya tako da ƙafa kamar wanda ya kwana a gidan wani dangi. Kowa ya san da mota ya zo, kowa kuma ya kau da kai. Ya ci kubane, gurasarmu ta Asabar, da na gasa tun daren Juma'a da miyar hulba, ya sumbaci hannun babansa, ya koma. Haka muke shekara da shekaru, ba wanda ya mutu.

Sai littafin nan ya shigo gari.

Ƙawata Badra ce ta kawo shi. Ita ke jagorantar mu mata a taron karatu da muke yi a ɗakin taro na ƙauye, inda da can littattafan girki da na tarbiyya muke karantawa, rabin lokacin ma hira ce. Sunansa Mai Matsar Zaitun, ƙagaggen labari ne a kan zamanin da Girkawa suka mulki ƙasar nan suka hana kakanninmu kiyaye Asabar da yi wa 'ya'yansu kaciya. Ba zan yi miki ƙarya ba, littafin ya iya taɓa zuciya. Akwai iyaye maza biyu a ciki, kowanne ɗansa ya bi Girkawa ya ci a teburinsu. Na farko, mai matsar zaitun, ya yaga rigarsa ya yi zaman makokin ɗansa na kwana bakwai alhali yaron yana raye, sannan ya hau duwatsu ya shiga cikin masu yaƙi. Na biyu marubucin bai ma ba shi suna ba, Mai Buɗe Ƙofa kawai ake ce masa, don ya ci gaba da buɗe wa ɗansa ƙofa a ɓoye. Ta bakin wannan ɗan ne sojoji suka gano kogon da mutane suka ɓuya suna kiyaye Asabar da kaciya, suka tara itace a bakin kogon suka kashe su da hayaƙi, har jarirai.

Ranar da muka kai babin kogon ba wadda ba ta yi kuka ba. Ni ma na yi har gyalena ya jiƙe. Ina cikin share ido na ɗago, sai na ga mata uku suna kallona. Badra ta dafa gwiwata ta ce, "Ayya, uwar Itamar, ke kam dole babin nan ya fi taɓa ki." Na sha jinin jikina, amma na yi murmushi kamar sakarya.

Daga mata littafin ya tsallaka wajen maza. Mutanen da ban taɓa ganin sun buɗe komai ba in ban da littafin addu'a da takardar farashin abincin kaji, sai ga su suna gardama a kan ko mai matsar zaitun ya kyauta da ya bar matarsa a baya. Wani ya sa wa ɗan da aka haifa masa sunan jarumin. Wani ya daina sayen man zaitun na kanti. Mijin Badra, Yefet, ya haddace shafuka sukutum yana karanto su a bakin majami'a yana buga ƙirji, kai ka ce shi ya yi yaƙin. Wannan Yefet ɗin fa 'yarsa tana can wata ƙasa a Turai tana zaune da wani da ba namu ba, ko aure babu. Amma nasa abin kunyar ya yi nisa, ba ya ajiye mota bayan ɗakin kaji.

Wata Asabar Itamar ya koma wajen motarsa ya tarar an yago shafin kogon an maƙala masa a gilashi. Dariya ya yi. Babansa bai yi ba.

A bikin fitilu, na tunawa da wancan yaƙi da Girkawa, aka taru maza da mata a ɗakin taro, ana cin soyayyen abinci, Yefet yana karanta babin kogon da ƙarfi. Yana kai wajen hayaƙin sai ya tsaya, ya ɗaga hanci yana shaƙar iska, ya ce, "Kai jama'a, sanyi nake ji yana shigowa. Malam Obadiya, ko ka sake barin ƙofa a buɗe ne?" Ɗakin ya fashe da dariya, har da waɗanda mijina ya koya wa haruffa suna majina a hanci. Daga ranar sunan ya kama shi. Idan ya wuce sai ka ji an ce, "Ku matsa wa Mai Buɗe Ƙofa." Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga karatunsa, kowa da uzurinsa. Asabar ta zo, aka miƙa wa wani yaro da muryarsa ba ta gama fashewa ba karatun Attaura, mijina yana zaune yana gyara masa kuskure a zuci, leɓensa na motsi. Ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba.

Shi ne ya kira Itamar ya roƙe shi, roƙo fa ba umarni ba, ya rufe gidan abincin ranar Asabar, ko na shekara ɗaya ne, mutane su huce. A nan dole in faɗi gaskiya, ɗana ma ba shi da ta ido. Ya ce, "Baba, ranar ce ke ciyar da ma'aikatana. Kun yi shekara sittin ba ku karanta labari ba, yanzu kun karanta guda ɗaya ya haukata ku." Kuma a makon ne wata jarida ta buga hotonsa yana dariya, riƙe da faranti, kubanena ne a ciki, wanda na koya masa da hannuna, an jera masa jatan lande a kai. A ƙasa an rubuta wai girkin mahaifiyarsa ne. Badra ce ta kawo mini jaridar har gida, ta ce gara in gani daga hannun masoyi. Wallahi a ranar da Itamar yana kusa da na mare shi.

Washegari Obadiya ya tsaya a tsakiyar falo ya kama wuyan rigarsa ya yaga. Ya ce ba shi da ɗa.

Na ɗauka fushi ne zai wuce. Kafin azahar an lulluɓe madubai yadda muke yi a gidan makoki, an ja kujeru gefe, an shimfiɗa katifu biyu a ƙasa, tasa a jikin wannan bango, tawa a jikin wancan. Mori, malamin majami'armu, da aka gaya masa cewa ya yi shi ba ya cikin wannan, kuma ba za a yi addu'ar mamaci a kan rayayye ba. Yana gama faɗa ya tuna yana da 'ya a Urushalima da ya daɗe bai gani ba, ya shiga mota. Badra ta zo da almakashinta na ɗinki ta tsaga mini wuyan riga kaɗan yadda ake yi, ta ce, "Ja, 'yar'uwa, ki ƙarasa. Yau kin zama uwa irin ta da." Na ja.

Yaya Margalit, na je zaman makoki da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya cika irin na ɗana ba. Tun zamanin kakanninmu ba a ji an yi haka ba, kowa yana so ya gani da idonsa. Aka kawo dafaffen ƙwai da gurasa, aka kawo gyaɗa da zabibi da gahawa mai citta, har daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa. Mutanen da suka yi masa dariya su ne suke durƙusawa suna sumbatar kan mijina suna ce masa mai matsar zaitun na zamaninmu. Wani tsoho ya lura Obadiya ya yaga rigar a hagu, ya ce ai ga ɗa a dama ake yagawa, hagu ta iyaye ce. Gardama ta kaure a kaina ina zaune. Don a raba ta, ba littafin shari'a aka ɗauko ba, Mai Matsar Zaitun aka ɗauko, Yefet ya buɗe shafin ya nuna musu jarumin ma a hagu ya yaga, saitin zuciya. Tsohon ya ba da haƙuri.

Ana tsakiyar kwanakin Itamar ya shigo. Yayarsa ce ta kira shi tana kuka. Kin san ƙofar gidan makoki a buɗe take, ba a ƙwanƙwasawa, ba a sallama. Sai kawai muka gan shi tsaye a falo, da hula a kansa, yana kallon maduban da aka rufe da kyandir ɗin da ke ci a kan tebur. Kin kuma san al'ada: wanda ya zo ta'aziyya ba ya buɗe baki sai mai makoki ya fara yi masa magana. Falon cike, maza a wancan gefe mata a wannan, aka yi tsit. Itamar ya samu kujera ya zauna kamar kowane baƙo. Ya kalli babansa. Obadiya ya kafe idonsa a ƙasa. Ya juyo ya kalle ni, ya kalli yagaggiyar rigata. Zuciyata tana ta ihu, Obadiya ka yi magana, ko zagi ne ka zage shi, amma mutumin nan ya zama dutse. Ni kuwa mace, a gaban maza cike da ɗaki, ga Badra ta riƙe mini hannu gam, me zan yi? Wata ta manta da halin da ake ciki ta zuba masa gahawa, har ta huce bai taɓa ba.

Da ya gaji ya miƙe, ya tsaya a gabanmu ya faɗi abin da ake faɗa wa masu makoki in za a tafi. Ya ce, "Daga sama a sanyaya muku zuciya." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya fita.

Bai kai bakin titi ba Yefet ya tafa hannu ya ce, "Kai! Wannan ko a littafin babu. Ya kamata a gaya wa marubucin ya ƙara."

An kuwa gaya masa. Bayan wata biyu aka gayyato shi ɗakin taro, wani dattijo mai ƙaton tabarau, aka gabatar masa da mijina kamar ragon da ya ci gasar kiwo. Ya riƙe hannun Obadiya da hannu biyu ya ce bai taɓa samun yabo irin wannan ba, ya sa masa hannu a littafi. Na tare shi a wajen teburin abinci na ce, "Malam, ka san abin da littafinka ya yi wa gidana?" Ya ce, "Baiwar Allah, ni labari na rubuta." Sannan ya tambaya ko wa ya gasa kubanen nan, a ƙunsa masa ya kai wa matarsa. Ni na gasa, ni na ƙunsa masa.

An mayar wa Obadiya karatunsa, yara sun dawo, sun ma fi da yawa. Ni kuma a taron mata an ba ni kujerar kusa da Badra, idan an zo babin uwar yaron da aka yi wa makoki ni ake cewa in karanta, baƙi in sun zo ni ake nuna musu. An daina ce mini uwar Itamar, da sunan babbar 'yata ake kirana. Da rana ina tafiya kai a sama. In na shiga ɗakin Itamar sai in zauna a bakin gado in rasa abin da ke mini daɗi. Wata takwas ke nan ban ji muryarsa ba. Na kira shi sau biyu a ɓoye, bai ɗauka ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya Noga, matar Itamar, ta kira ni. Tana da ciki, haihuwa wata mai zuwa, kuma likita ya ce namiji ne. Ta ce za su yi masa kaciya ranar takwas kamar kowa, Itamar da kansa ya nemo mai yi. Mahaifinta ya rasu, ba su da kakan da zai riƙe jaririn a cinya. Na tambaye ta ko Itamar ne ya ce ta kira ni. Ta ce bai ce ta kira ba, bai kuma hana ta ba.

Na gaya wa Obadiya yana shan miya. Bai ɗago ba ya ce, "Matacce ba ya haihuwa." Na ce to ni fa? Ya ce wanda yake son ziyartar matattu ya san hanyar maƙabarta, kuma yana da sauran riguna. Na gaya wa Badra, ta ce, "Haba 'yar'uwa, bayan duk wannan daraja? Ki tuna uwar da ke littafin, ko waiwaye ba ta yi ba."

Na yi wata dabara. Gwiwata tana ciwo, kowa ya sani. Zan ce likitan ƙashi ya ba ni rana a birni, in hau bas in je, in tsaya daga can baya in ga fuskar jaririn, in ajiye 'yar kyauta in dawo kafin la'asar. Ba sai Itamar ma ya gan ni ba. Tambayata ita ce, ƙaryar nan zunubi ce babba? Kuma yaya zan yi kada kowa ya sani? Ba na son in rasa mijina, ba na son in zama abin dariyar gari a wannan shekarun nawa. Duk laifin wancan la'anannen littafin ne da taurin kan Obadiya. Da ya buɗe baki ranar nan da ba mu kai haka ba.

Taki cikin damuwa,
Uwar da aka yi wa ta'aziyya

*

'Yar'uwata,

Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na kuma sake karanta ta. Zan fara da tambayar da kika yi, don ita ce mafi sauƙi. Kada ki yi ƙaryar gwiwa. Ba don girman zunubinta ba, wannan tsakaninki da Mahaliccinki ne. Don ba za ta yi aiki ba a garin da kika kwatanta, kuma ko ta yi, ɗanki za ta fi cuta. Ki duba abin ta wajensa: ya ɗago kai a ranar kaciyar ɗansa ya hango uwarsa laɓe a bayan mutane kamar wadda ta zo sata, tana duba agogo kada bas ya tafi. Wannan ba ziyara ba ce, sabon mari ne.

Littafin da kike tsine wa na karanta shi, na kuma yi kuka a babin kogon kamar ke. An rubuto mini a kansa daga wurare da dama. Akwai saurayin da ya karanta ya koma kiyaye Asabar. Akwai dattijon da ya karanta ya ɗauki waya ya kira ɗan da suka yi shekaru ba sa magana. Shafukan iri ɗaya ne da naku. A garinku an daɗe ana jin haushin motar nan ta bayan ɗakin kaji, littafin ya ba su baki ne kawai. Mutanen da ke cikin labarin takobi suka fuskanta. Yefet bai fuskanci komai ba, jarumtar da yake taƙama da ita da ɗan wani ya saya. Marubucin kuwa, wanda aka nuna wa yagaggiyar riga ya ga yabo a ciki, ba shi da abin da zai ba ki, ki cire shi daga lissafinki.

Mijinki ba mugu ba ne, amma ya yi mugun abu. Na fahimci abin da aka taɓa masa. Mutumin da duk darajarsa muryarsa ce a majami'a, aka ƙwace ta, almajiransa na dā suna masa dariya, ba ƙaramin abu ba ne, kuma zafin ganin ɗa ya bar hanya zafi ne na gaske, ba zan raina shi ba. Itamar ma ya yi nasa. Maganar da ya gaya wa babansa rashin kunya ce, hoton jaridar kuma cin fuska ne gare ki, wata rana ya kamata ya ji haka daga bakinki. Amma ba a biyan baƙar magana da kabari. Kuma ki lura da abin da masu haddace littafin suka tsallake: abin da mutanen kogon suka mutu a kansa shi ne ɗanki yake shirin yi wa jaririnsa, ba wanda ya tilasta shi, bayan an binne shi da rai.

Yanzu sai inda ba za ki so ba. Kin ce falon ya yi tsit ana jiran mai makoki ya fara magana, Obadiya ya ƙi. 'Yar'uwa, katifu nawa aka shimfiɗa? Da bakinki kika ce biyu. Rigarki a yage take kamar tasa. Ke ma mai makoki ce, kuma al'adar ba ta ce sai namiji ba, kin fi ni sanin haka, kin je zaman makokin da mata suka fara yi miki magana. A ɗakin nan kaf mutum biyu ne kawai suke da ikon buɗe baki, ke ce ta biyun. Ɗanki ya sani, shi ya sa da ya gama kallon babansa ya juyo wajenki. Sunansa kawai za ki kira. Hannun Badra hannunki ya riƙe, bai toshe miki baki ba. Ina jin wannan ne dalilin da bai ɗauki wayarki ba, kuma ina jin kin sani, shi ya sa wasiƙarki ta bi ta wajen da gudu.

Ga abin da za ki yi. Kada ki jira haihuwa. Ranar kaciya ranar jariri ce da uwarsa, ba ranar shari'arku ba. A makon nan ki kira Noga, wadda ta nuna ta fi ku duka hankali, ki ce kina so ki zo ki ga ɗanki a ranar da ya zaɓa, in kuma ya ce ba yanzu ba, ki ce za ki sake tambaya. Kafin ki tafi ki je wajen Mori, ki tambaye shi a gaban matarsa ko shari'a ta hana uwa ganin ɗanta rayayye. Ya san amsar, gudunta ya yi zuwa Urushalima. Ki roƙe shi ya faɗe ta a majami'a, don mijinki yana bukatar wani babba ya ba shi hanyar saukowa ba tare da ya faɗi a gaban Yefet ba.

Sannan ki gaya wa Obadiya da rana tsaka, ba da kuka ba, ba da neman izini ba, cewa za ki je, kuma ana neman kakan da zai riƙe jariri. Ki faɗa sau ɗaya ki bar shi da ita. Ba na jin mutumin da kuka yi shekara arba'in tare zai yaga miki riga, amma ba zan yi miki alkawari ba. Zai iya daina yi miki magana na wani lokaci. Kujerar kusa da Badra kuwa ki sani ta tafi, kuma za a laƙaba miki suna, kin ma san wanne. Kin ce ba kya son ki rasa komai. Wannan zaɓin babu shi, tun ranar da kika ja rigar nan wani abu kike biya, sai dai zuwa yanzu ɗanki ne yake biya miki.

Idan kun haɗu, zai iya tambayarki me ya sa kika yi shiru. Kada ki ce babanka, kada ki ce littafi, kada ki ce ke mace ce. Ki ce kina fushi da shi a kan hoton, kuma kin ji tsoron matan gari fiye da yadda kika ji tsoron rasa shi. Magana ce mai muni, za ta ƙona miki baki, amma ita kaɗai ce zai yarda da ita. Bayan nan ki yi shiru ki saurari duk abin da zai faɗa, ko da ya ce ki tashi ki tafi. In ya ce haka, ki tafi, ki dawo wani makon.

Allah ya sauki Noga lafiya, ya raya yaron, ya ba ki ƙarfin zuciyar da za ki hau bas ɗin nan kowa yana kallo.

Yayarki,
Margalit